Jar Zaiba a Zauren Malam Aƙilu

Malam Aƙilu Tela yana da shekara sittin da takwas, kuma shi ne babba a gidansu da ke Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya. Matarsa ɗaya, Tani. 'Ya'yansa duk sun yi aure sun bar gidan. Cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, su biyu suka rage a duniya, shi da ƙanwarsa Delu, wadda ke zaune a gidan marigayi mijinta ta wajen Kufena tana sana'ar daddawa. Ɗinki ya gada, ɗinki ya sani. Manyan riguna ba nasa ba ne, shi mai kaftani ne da wando da 'yar shara, da kayan makarantar yara, da facin duk abin da ya yage a unguwar. Mutane sun shaide shi da abu biyu. Ɗinkinsa ba ya warwarewa, kuma ba a kawo masa labari ya karɓa bai tambayi wanda ya gani da idonsa ba.

Zauren da yake aiki a ciki kakansa ne ya gina shi. Ginin tubali ne irin na da, mai kaurin bango, rufin azara, an yi ta yi masa yaɓe bisa yaɓe har samansa ya zama kamar tudu. Da bazara mutane kan shigo ba don ɗinki ba, sai don su sha sanyi. Tun da wayar hannu ta shigo gari kowa a unguwar ya san babu sabis a zauren nan. In mutum zai yi kira sai ya fita bakin ƙofa ya zauna a dakali. Shi kansa Malam Aƙilu a ƙusa yake rataye tasa wayar daga waje, in ta yi ƙara masu wucewa su gaya masa. Shekara da shekaru ana haka, ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki.

Keken ɗinkin baƙi ne, mai takawa da ƙafa, zanen ruwan zinarin da ke jikinsa ya goge saura ɗan kaɗan a wuya. Mahaifinsu ya saye shi a wani kanti a Sabon Gari shekarar da auduga ta yi kuɗi, aka ɗauko shi a ka har cikin birni. A kansa Aƙilu ya koyi ɗinki tun ƙafarsa ba ta gama kaiwa mataki ba. Da mahaifin ya rasu aka zo rabon gado, masu rabo suka dubi keken suka yi masa ɗan kuɗin tsohon ƙarfe. Delu, lokacin tana goyon fari, ta yi magana daga bayan labule ta ce ita ta yafe rabonta a ciki, Yaya ya riƙe, ai da shi yake ciyar da gidan. Aka shafa fatiha aka tashi.

Akwai kuma wata al'ada da mahaifiyarsu ta kafa tun ranar da aka kai Delu ɗaki. Duk Juma'a kwanon tuwo da miya kan tashi daga gidan zuwa wurinta. Da tsohuwar ta rasu Tani ta ci gaba. Wani maƙwabcinsu mai babur da ke noma ta wajen Kufena shi ke kaiwa, da yamma ya dawo da kwanon a wanke, da curin daddawa a ciki. Ko shekarar da aka yi tsadar hatsi ba a fasa ba.

Malam Aƙilu ya ga jita-jita iri-iri a rayuwarsa, kuma kusan ko wacce ta gidan Delu take biyowa kafin ta iso gare shi. Shekarar da aka yi fargabar cutar Ebola, aka wayi gari ana ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Delu ta yi wankan, ta sha kofi cike, ga ta da hawan jini. Da ya je duba ta a gadon asibiti yana faɗa, sai ta ce masa to ai ga shi nan cutar ba ta kama ta ba. Lokacin da aka ce akwai wata lambar waya mai kashe duk wanda ya amsa, ta tura wayarta cikin buhun gero, har 'yarta ta haihu ba a same ta ba sai da aka aika mutum. Da aka yi ta yaɗa cewa ana sace wa maza gaba ta hanyar musabaha, abin ya taɓa sana'arsa kai tsaye, don magidanta suka daina yarda a gwada su da tef. Mutum ya zo ɗinkin wando ya tsaya daga nesa yana kwatanta tsawonsa da hannu. Sai da ya riƙa cewa kowa ya kawo tsohon wandonsa a auna da shi.

Duk lokacin da aka kawo masa irin wannan, tambayarsa ɗaya ce, wa ya gani, ɗan gidan wane ne. Amsar ma ɗaya ce, wani mutum ne a Kano. Ya taɓa cewa yana so Allah ya haɗa shi da mutumin nan na Kano ya yi masa jaje, don komai shi yake samu. Mutanen unguwa suna dariya, amma a bayan idonsa suna cewa Malam Aƙilu akwai taurin kai. Ba su yi ƙarya ba. Yana da saurin fushi, kuma in ya gane shi ke da gaskiya ba ya iya faɗarta a hankali.

Maganar jar zaiba ta shigo unguwar ne a farkon bazarar bara, ta saƙon murya a waya. Mai maganar, wanda bai faɗi sunansa ba, ya rantse cewa Turawan da suka ƙera tsofaffin kekunan ɗinki sun ɓoye wani ruwa ja a cikinsu, kuma yanzu akwai masu nemansa da kuɗin da mutum ba zai iya lissafawa ba. Wasu suka ce haɗa makamai ake yi da shi, wasu suka ce abincin aljanu ne. Gwajin kuma mai sauƙi ne, in ji shi. A kara waya kusa da allurar keken, in sabis ya ɗauke to akwai.

Wanda ya kawo gwajin zauren Malam Aƙilu ɗan Delu ne, Suhail, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai sayar da caja da marfin waya a Tudun Wada. Ba mutumin banza ba ne, shi ke ɗawainiyar maganin mahaifiyarsa. Ya shigo da hantsi ya durƙusa ya gaida kawunsa, ya tambayi aiki, ya tambayi Inna Tani, sannan ya zaro waya ya matso da ita jikin allura a hankali kamar mai tsoron ta cije shi. Ya dubi fuskar wayar, ya dubi kawun.

"Kawu, ka gani?"

"Na ga me?"

"Sabis ya ɗauke. Ko ɗigo babu."

Malam Aƙilu ya dakata da taka keken. "Suhail, a zauren nan aka yi maka askin suna. Yaushe ka taɓa samun sabis a cikinsa?"

"To ai shi ne, Kawu," in ji Suhail. "Ashe dalilin ke nan."

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Washegari zauren ya cika da mutanen da ba su kawo ko ƙyalle ba, kowa da waya a hannu, ana layi ana karawa a allura, ana salati. Waɗanda suka shekara suna fita dakali don amsa kira yanzu su ne ke cewa dama sun daɗe suna zargin wani abu. Wani dattijo ya tuna cewa kaji ba sa shiga zauren. Malam Aƙilu ya ce kaji ba sa shiga ne don yana korar su. Ba wanda ya saurare shi. Ɗinkin da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi magariba, don ba dama ya saukar da allura ba tare da ya duba ko akwai yatsan wani a ƙarƙashi ba.

Sai ya ce bari ya kashe maganar. Ya sa aka kama masa keken aka fito da shi tsakiyar fili, cikin rana, ya ce kowa ya zo ya gwada. Aka gwada, sabis ya cika taf a kowace waya. Ya tsaya yana jiran wani ya ji kunya. Suhail ya ɗan yi tunani ya ce ai an faɗa a wani saƙon cewa zaiba kwanciya take yi in ta ji zafin rana. Malam Aƙilu ya ce to madalla, ga zaure can babu keke a ciki, a shiga a gwada. Aka shiga, babu sabis kamar kullum. Nan ma ba a rasa amsa ba. Wani ya ce keken da ya shekara fiye da hamsin a wuri ɗaya, ai ƙarfinsa ya riga ya jiƙa bangon.

Wannan maganar ita ta jawo wa bangon masifa. Cikin 'yan kwanaki ya fara ganin ramuka a gindin zauren daga waje, inda ake kankarar ƙasa da cokali da wuƙa. An ce tana maganin ciwon gwiwa, an ce in an saka a kantin mutum ciniki na buɗewa. Ya kama wata mata da gwangwani tana kankara da rana tsaka, ta ce masa don Allah Malam kaɗan za ta ɗiba, ba ta jikin keken ba ce. Damina na tafe, ga gindin bangon kakansa ana cinye shi cokali cokali.

Duk wannan bai dame shi kamar zuwan Delu ba. Ta zo da kanta, ba ta shiga cikin gida wurin Tani ba kamar yadda ta saba, a zaure ta zauna bakin ƙofa ta ja mayafi. Ta fara da nisa. Ta yi maganar rufin ɗakinta da ke yoyo, da gwiwarta, da yadda sa'o'inta duk suka sauke farali ita ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Ta ce Suhail ya gaya mata akwai wasu mutane da za su zo daga Legas, in aka sayar musu da zaibar, kujerar Makka ba komai ba ce, har shi Yaya da Tani. Ya tambaye ta sunan mutum ɗaya da ya taɓa sayarwa ya karɓi kuɗi. Ta ce akwai wani a Kano. Ya yi dariyar da bai kamata ya yi ba, ya ce ita da ta sha gishiri har yanzu ba ta ƙoshi ba. Ya kuma tuna mata cewa ta yafe rabonta a gaban shaidu.

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Keke na yafe maka, Yaya. Ban yafe maka abin da ke cikinsa ba."

Ranar Juma'a mai babur ya dawo da kwanon tuwo kamar yadda aka ba shi, ko marfin ba a ɗaga ba. Ya ce Delu ta ce a gode, ta ƙoshi. Tani ta ajiye kwanon a gaban mijinta. Juma'ar da ta biyo ma haka.

Magana ta kai gaban limamin unguwa. Ya saurari kowa, ya ce a shari'a abin da aka yafe an yafe, keke na Malam Aƙilu ne. Amma ya ƙara da cewa shari'a daban, zuciya daban, tun da abin bai fi ƙarfin dubawa ba a buɗe kowa ya gani. Malam Aƙilu ya yarda bisa sharaɗi ɗaya, ba mai taɓa masa keke sai Malam Istifanus na Wusasa, tsohon makanikin kekunan ɗinki da ke duba masa shi tun suna samari.

Malam Istifanus ya zo da jakar kayan aikinsa, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Delu na zaune a kujera, jama'a sun yi da'ira. Ya kwance keken a natse, yana jera kowane ƙarfe da kowane noti a kan farin ƙyalle. Da ya gama ya ɗaga gangar jikin ya juya ta ga rana, ya ce duk mai so ya leƙa. Aka leƙa. Baƙin mai ne da ƙurar zare. Malam Aƙilu ya fara gyara zama. Sai Suhail ya kunna wani sabon saƙo, muryar wani daban, mai cewa kada a ruɗe ku da kwance noti, a cikin naman ƙarfen wuyan take, an rufe ta tun daga masana'anta, sai an yanka.

Malam Istifanus ya cire tabarau ya ce wuyan nan ƙarfen zubi ne, kuma a cikinsa sandar da ke juya allura take tafiya. In aka yanka, ko wane gwani ne ya haɗa, saitin ba zai koma ba. Ya ce shi dai ba zai sa hannu ba, ya mayar da komai inda yake, ya ɗiga mai, ya ɗinka wani ƙyalle ya nuna lafiya lau, ya kama hanyar Wusasa. Malam Aƙilu ya ce an gama, wanda ke son yanka ya je ya yanka na ubansa. Sai da maganar ta fita ya tuna uban ɗaya ne. Delu ta tafi ba sallama.

Aka shiga damina a haka. Ya kira magini ya toshe ramukan gindin bango, aka sake kankarewa, ya sake toshewa. Ya daina barin keken a zaure in zai tafi masallaci, sai an kama masa an shigar da kan keken ɗaki. Mutanen Legas ba su zo ba. Kullum suna hanya, ko motarsu ta lalace, ko suna jiran a tabbatar musu tukuna. Kwanon Juma'a kuwa yana tafiya yana dawowa a rufe, don Tani ta ƙi dainawa. Ta ce ita ba ta yi faɗa da kowa ba, kuma uwar miji ce ta ɗora mata.

Abin da ya karya shi a bakin masallaci ya same shi. Wani ya yi masa ya mai jiki, ya ce wane mai jiki. Ashe Delu ta kwanta har an kai ta asibiti an dawo da ita, kuma ta hana a gaya masa. Ya hau babur ya tafi. Ya same ta a kan katifa an jawo ta tsakiyar ɗaki saboda yoyo, roba biyu na tarar ruwa. Ya yi mata sannu, ta amsa da ka, ta juya fuska bango. Ya zauna ya daɗe. A nan, in ji shi, ya lissafa abin a ransa. Ya san babu komai a wuyan keken kamar yadda ya san sunansa. Amma in Delu ta mutu a yau, za ta mutu ne tana ganin yayanta ya zauna a kan Makkarta. Ba hujjar da zai kawo da za ta cire mata wannan, don duk wadda ya kawo an riga an tanadar mata amsa a waya.

Ya ce mata in ta warke ta zo a yanka.

An yi yankan ne wata Asabar da hantsi, a wurin wani mai walda a bakin titi. Malam Aƙilu da kansa ya kwance kan keken daga teburinsa, ya zare zaren, ya cire allura ya soke ta a hularsa. Suhail ya zo da kwalbar turare da ya wanke, da audugar da za a tare ruwan. Aka ajiye wa Delu kujera a inuwa. Mai walda ya tambaya sau biyu ko Baba ya tabbata, sannan ya kunna injin yanka. Tartsatsi ya tashi, ɗan sauran zanen zinarin ya ƙone nan take. Malam Aƙilu bai kau da kai ba. Ya ce tun da shi ya kawo, sai ya gani.

Wuyan ya rabu biyu. Ciki rami ne, da sanda, da daskararren mai, da ƙurar zaren riguna na mutanen da yawancinsu sun daɗe a kabari. Suhail ya tura auduga ya fito da ita baƙa. Ya sake turawa. Can sai ya ce da ma ya yi tunanin zafin injin zai iya korar ta, da zarto ya kamata a yi amfani.

Malam Aƙilu ya ɗauki rabin wuyan, da sauran zafinsa, ya kai gaban ƙanwarsa ya ajiye a ƙasa. "Ga shi nan, Delu. Ɗauki rabonki."

Ta duƙa ta leƙa ramin ta daɗe. Mai walda ta kira, ta ce ɗana, mayar masa da shi yadda yake, ko nawa ne ita za ta biya.

Mai walda ya yi iya ƙoƙarinsa. Keken ya haɗu, da ƙaton tabo a wuya, yana kuma juyawa. Amma in ya yi ɗinki kamu ɗaya sai ya tsallake, ya tsinke zare, ya karya allura. Aka kai shi Wusasa. Malam Istifanus ya riƙe shi mako guda, ya dawo da shi ya ce ya faɗa tun farko. Ya ba abokinsa aron wani sabon keke marar nauyi da wani ya bari a wurinsa, ya ce ya yi ta amfani har Allah ya hore. A kansa Malam Aƙilu ke ɗinki yanzu. Yana cewa ƙararsa kamar ana kaɗa gwangwani, kuma ba ya iya cin yadi mai kauri, don haka ɗinkin wandon makaranta, wanda shi ne rabin abincinsa, ya koma wurin wasu teloli a kasuwa. Tsohon yana kusurwar zaure an lulluɓe shi da zane.

Juma'ar da ta biyo bayan yankan, kwano ya dawo a wanke, da daddawa har ta hana marfin rufuwa. Delu ba ta taɓa ba shi haƙuri da baki ba, shi ma bai nema ba. Tana zuwa gidan kamar da, ta wuce zaure da sauri ta shiga wurin Tani. Ya sa an gyara mata rufin ɗaki kafin damina ta ƙare. Amma labari ya dawo masa cewa tana gaya wa masu sayen daddawa zaibar tana nan, zafi ne ya kore ta, ba rabo. Suhail kuma ya daina biyowa ta ƙofar zauren na wani lokaci, sannan ya dawo yana gaisuwa kamar ba a yi komai ba. Har yau babu sabis a zauren. Mutanen unguwa sun ce ai bangon ya riga ya sha.

A makon jiya wani sabon saƙo ya fara yawo. Wannan karon tsohon dutsen guga ne na gawayi, irin mai ɗan zakara a kan marfi, an ce a cikin zakaran abin yake. Malam Aƙilu yana da irinsa, na mahaifinsu, da shi yake goge duk abin da ya ɗinka. Ya ji saƙon ne daga wayar wani da ke zaune a dakalinsa. Bai tambayi wanda ya gani ba. Ya juye gawayin, ya jira dutsen ya huce, ya naɗe shi a buhu, ya tari babur zuwa Kufena.

Ya sami Delu tana shanya kalwa a tsakar gida. Ya ajiye buhun a gabanta ya buɗe.

"Naki ne," ya ce. "Da shi da zakaran da duk abin da ke cikin zakaran. Ki kira shaidu in kina so."

Ta ce haba Yaya, ita ta ce wani abu? Ya ce bai jira ta ce ba. Ya sha ruwa, ya tambayi gwiwarta, ya tashi. A hanyar dawowa ya tsaya kasuwa ya sayi sabon dutsen guga na gawayi, ƙirar maƙeran gari, ya juya shi sama da ƙasa ya tabbatar babu hoton ko wace dabba a jikinsa. Ya iso zaure kafin la'asar, ya hura gawayi, ya goge kaftanin da ke jiransa tun safe.